Neman kalma: furotin ɗin da ke nuna wa jijiya hanya a ɗan tayin kifi

Mai Shirin Kimiyya:
Salamu alaikum malamai. Gobe da safe za mu naɗi shiri a kan yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke tsirowa a ɗan tayin kifin nan mai zane-zane, zebrafish. Masu bincike na son sa ne saboda ɗan tayinsa garau yake, ana hango cikinsa da madubin likita, kuma cikin awa 24 zuciyarsa ta fara bugawa. Inda na maƙale shi ne axon guidance proteins, wato irin su netrin da slit, masu nuna wa zaren jijiya inda zai bi yayin da yake miƙewa. Me zan ce da mai sauraro zai kama a ji ɗaya? Ƙarfe goma na dare zan rufe rubutun.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam Hajiya. "Furotin jagora". Shi kansa sunan netrin daga harshen Sanskirit aka ɗauko shi a 1994, ma'anarsa mai yin jagora.

Ɗalibar Likitanci:
Malam, a yi mini afuwa, jagora gaba yake shiga a bi shi, slit kuwa kora yake yi. A kifin nan duk zaruruwan idon dama sai sun tsallaka zuwa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, na hagu su koma dama. A kan kowane zare akwai wani furotin, robo2, da ke jin slit ya kauce masa. Idan robo2 ya lalace sai zaruruwan su ɓace, wasu su kutsa ƙwaƙwalwar gaba, wasu su tsallaka su sake dawowa. Ni "masu saita hanya" ya fi kwanta mini.

Tsohon Mai Fassara:
Kun bar jaki kuna dukan taiki. Wa ya ce muku "furotin" Hausa ce? Tun muna matasa "sinadarin gina jiki" muke cewa. In ya yi tsawo, ga tawa da na daɗe ina kira a ɗauka: "ginau". Ƙirar mantau da tunau ce, ba wanda zai ce baƙuwa ce. Ginau jagora, shi ke nan.

Malamin Bayoloji:
Ranka ya daɗe, "gina jiki" daidai ne a darasin abinci. A nan ɓatar da mutane zai yi. Waɗannan ba gini suke yi ba, saƙo ne su. Duba farkon lamarin: akwai furotin BMP da ke umartar ƙwayoyin halittar da ke saman ɗan tayi su zama fata. Sai wani furotin, chordin, ya fito ta ɓangaren gadon baya ya kama BMP ya riƙe, ƙwayoyin da umarnin bai kai gare su ba su ne ke zama ƙwaƙwalwa da laka. Daga baya wani furotin kuma, sonic hedgehog, ya riƙa fitowa daga ƙarƙashin lakar. Ƙwayar da ke kusa ta sami da yawa, ta nesa ta sami kaɗan, kuma yawan da ta samu ne ke yanke irin ƙwayar jijiyar da za ta zama. Ina gini a nan?

Tsohon Mai Fassara:
Ba ƙwaƙwalwar ake ginawa ba? Matsalarku kenan ku 'yan jami'a, in kalma ba ta yi ƙamshin Turanci ba sai ku ga kamar ilimin ya ragu.

Ɗalibar Likitanci:
Baba, likita da asibiti ma ai aro ne daga Turanci, littafi daga Larabci. Larabawan ma burotin suke cewa.

Tsohon Mai Fassara:
'Yata, waɗannan bakin jama'a ne ya tauna su shekara da shekaru har suka zama namu. Furotin kuwa gajiyar mai fassara ce. Kuma don Larabawa sun ara ba dole mu ara ba. Shekara nawa na yi ina wannan aiki kafin a haife ki?

Malamin Bayoloji:
Ba wanda ya raina aikinka, ranka ya daɗe, a hannun irinku muka koya. Amma yaron da ya ji "ginau" a rediyo, gobe ya ga furotin a takardar jarrabawa, wa zai gaya masa abu ɗaya ne?

Injiniya:
Ni dai "jijiya" ce ta fi damuna. Ta jini jijiya, ta agara jijiya, ta itace ma jijiya. Sai a ɗauka hanyar jini ake nufi.

Ɗalibar Likitanci:
"Jijiyar saƙo" muke cewa a tsakaninmu.

Injiniya:
Wasu kuma "jijiyar laka". Amma ta ido ba daga laka ta fito ba.

Mai Shirin Kimiyya:
Malamai don Allah, tara ta wuce. Ga abin da na rubuta: "Zaren jijiyar saƙo yana miƙewa kamar yaɗon kabewa, kansa na laluben hanya. Wasu furotin na kiransa, wasu na korarsa, da haka yake isa inda aka nufe shi." Daga nan sai in riƙa cewa "furotin masu saita hanya". Zan kuma ambaci binciken 2013 da ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a kifin, don a san dalilin damuwa da shi.

Malamin Bayoloji:
Na janye jagora, tunda kora ta shigo. Ya yi.

Tsohon Mai Fassara:
Yaɗon kabewar ya yi kyau, wannan ita ce Hausa. Furotin kuwa ban yarda ba. Ki faɗi "ginau" ko sau ɗaya, a ga ko masu sauraro za su kama.

Mai Shirin Kimiyya:
Baba, zan ce wasu na ba da shawarar a kira shi ginau. Iyakar abin da zan iya kenan.

Tsohon Mai Fassara:
To. Ba wasu ba ne, ni ne. Amma Allah Ya ba da sa'a.

Injiniya:
Maganar jijiya fa ba a gama ba.