Me ya sa tsutsa ke cinye mangwaro da zarar damina ta sauka?

Mai lambu daga Zariya:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana harkar lambu. Mangwaron da muke tsinka a farkon kakarsa yakan fito lafiya lau, amma da an yi ruwa biyu ko uku sai mu riƙa ganin ɗan baƙin tabo kamar hudar allura a jikin ɓawon, idan an yanka kuma a tarar da fararen tsutsotsi a ciki. Dattawanmu sun ce a da ɓarnar ba ta kai haka ba. Shin ruwan ne ke haifar da tsutsar, ko wani baƙon abu ne ya shigo mana?

Malamin gona:
Wa alaikumus salam, Malam. Dattawan sun yi gaskiya. Wani ƙuda ne ɗan asalin Asiya, wanda masana ke kira Bactrocera dorsalis, da aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya cikin 2003, kuma kafin a cika shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Macen takan huda ɓawo ta zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta ci naman, sannan ta faɗo ta shige ƙasa, inda bayan kamar kwana 10 zuwa 12 sabon ƙuda zai fito. Bushewar hunturu da rani tana danne shi, laimar damina kuwa tana sa ya yi ta ninkuwa, shi ya sa irin da ke nuna a makare, kamar Kent da Keitt, ya fi shan wahala. Muna da namu ƙudan na gida, Ceratitis cosyra, wanda ya fi yawa a lokacin rani, amma da ruwa ya sauka baƙon ne ke mamaye lambu.

Mai fataucin kayan marmari:
Mu 'yan kasuwa ma da hannunmu a ciki, domin ruɓaɓɓen da muke zubarwa a bakin tasha shi ke kai ƙudan garin da babu shi. Idan mangwaro ya ƙare kuma sai ya koma kan gwaiba da lemo.

Malamin gona:
Haka ne, Alhaji, kuma a nan maganin ya fara. Duk mangwaron da ya faɗo a tsince shi kullum, a ɗaure cikin baƙar leda a bar shi a rana na 'yan kwanaki, ko a binne shi a rami mai zurfin da ya kai rabin mita. Tarkon gorar roba mai sinadarin methyl eugenol yana da amfani, sai dai mazan kaɗai yake jawowa, don haka a rataye shi tun 'ya'yan suna ƙanana, kada a jira ganin tabo. Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya tsabtace lambunsa alhali na maƙwabcinsa cike yake da ruɓaɓɓen mangwaro. Ku haɗa kai da masu lambun da ke kewaye da ku tun kafin ruwan farko.