Mun sauki ɗalibi ɗan Chadi: ina za mu kai shi, kuma da kuɗin wa?

Mama Malama:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ni da maigida mun yi ritaya daga koyarwa, muka ba da kanmu ga aikin bishara a wani ƙauye bayan Bukuru. Muna koyar da manya karatun Hausa, muna ziyarar marasa lafiya, ikilisiyarmu ta gida kuma tana aiko mana da ɗan tallafi duk wata. Da hutun Kirsimeti ya ƙarato, fasto ya roƙe mu mu sauki wani ɗalibin tauhidi ɗan garin Mundu, kudancin Chadi, don kuɗin mota zuwa gida ya fi ƙarfinsa. Yaro mai ladabi, kafin in miƙe ya riga ya wanke kwanoni. Faransanci da Ngambai yake ji, Turancin yana rarrafe, Hausa kuwa daga "sannu Mama" sai "na ƙoshi". Sanyin Jos ya kama shi, da safe sai ka gan shi naɗe cikin bargon maigida ya rungume kofin kunu da hannu biyu. In ba sujada ba, ba ya leƙa ƙofar gida.

Maigida ya ce mu kai shi gandun namun daji na Yankari ya sha iska. Sai wani dikin, wato ɗaya daga cikin masu hidimar ikilisiya, ya ce ai ba yawon shaƙatawa aka aiko mu ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Laifi ne? Kuma ina ya dace da tsofaffi masu ciwon gwiwa?

Dattijon Kagoro:
Mama, dikin nan yana da rabin gaskiya. Kuɗin baiko amana ne, akwai gwauruwar da ta sayar da kazarta ta jefa a ciki, kada kobo ya shiga man motar yawo. Ku yi da fanshonku, ku kuma rubuta tafiyar a rahoton da kuke aika wa ikilisiya, kada a ji ta a bakin wani. Amma hutu kansa ba zunubi ba ne. Turawan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) da suka sha wuyar ƙasar nan, su ne suka gina gidan hutu a Miango fiye da shekara 100 da ta wuce, har yau yana nan. In ya sake magana, ki tambaye shi ko ya fi su himma.

Ɗan Alkaleri:
Ni Musulmi ne, amma Yankari ƙofar gidanmu ce, bari in sa baki. Daga Jos zuwa Bauchi, a ratse ta Dindima zuwa sansanin Wikki, ku ƙiyasta awa huɗu. Ku fita da sassafe, kada ku yi tafiyar dare, yaron kuma ya riƙe takardunsa saboda shingayen jami'an tsaro. Ruwan Wikki ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, gwiwarki za ta gode miki, sai dai matakalar sauka tana da tsawo, a bi a hankali. In don dabbobi ne, Disamba ciyawa ba ta gama kwanciya ba. Tsakanin Fabrairu da Afrilu ne giwaye da ɓauna suke taruwa a bakin kogin Gaji. Ku kula da gwaggon biri, buɗe ƙofar ɗaki suke yi, leda a hannu kuwa ta zama tasu.

Tsohon Baƙo:
Kafin ku tayar da mota, Mama, kin tambaye shi? Na yi karatu a ƙasar da ban ji yarensu ba. Masu masaukina sun kai ni wurare masu kyau, ina murmushi ina ƙirga kuɗin da suke kashewa a kaina, kunya ta hana ni jin daɗi. Ranar da na saki jiki ita ce ranar da aka miƙa mini jaka aka aike ni cefane. Ki aike shi kasuwar Bukuru, ki bar masa murhu ya tuƙa irin tuwonsu, ki sa masa kati ya kira mahaifiyarsa. In fita kuke so, ga gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, akwai mutum-mutumin Nok, kuɗin shiga kaɗan ne, ba hawan dutse. Duwatsun Shere ku bar wa matasan coci su je da shi.

Mama Malama:
Na gode muku ƙwarai. Jiya na tambaye shi, wata ma'aikaciyar jinya mai jin Faransanci ta yi mana tafinta. Ashe babansa manomin auduga ne, abin da yake so ya gani shi ne lambunan dankalin turawa da ake shayarwa da ruwan tsofaffin ramukan kuza, nan bayan gidanmu, tafiyar ƙafa. Yau ya wuni a can da maigida, ya dawo da laka har gwiwa da littafi cike da zane. Yankari mun ɗaga zuwa hutun Ista. Ɗan Alkaleri, ana kama ɗaki tun daga Bauchi, ko sai an isa can?