Waɗanda suka taɓa jagorantar tara gudummawa a titi domin makafi

Mai tambaya, Kano: Assalamu alaikum. An ɗora mini nauyin shirya tara gudummawa a bakin kasuwa ranar 15 ga Oktoba, wato Ranar Farar Sanda ta makafi, domin saya wa ɗalibai makafi sanduna da kayan rubutun Braille (rubutun makafi da ake karantawa da yatsu). Ina roƙon waɗanda suka riga ni yin wannan aiki su faɗa mini abin da suka tarar.

Malama, Zariya: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne jama'a sun saba ganin makaho a titi da ƙoƙon bara, saboda haka duk wanda ya gan mu sai ya jefa ƴan canji ya wuce. Sai da muka sa riguna iri ɗaya, muka kulle akwatunan gudummawar da kwaɗo, muka rubuta abin da za a saya da kuɗin, sannan mutane suka fara tsayawa suna tambaya. Da yamma mun ƙirga kuɗin a gaban shaidu, kowa ya sa hannu.

Wani dattijo makaho, Kaduna: Ɗana, kafin ka buga takarda ko ɗaya, ka fara zama da Sarkin Makafi da shugabannin ƙungiyar makafi ta jiharka, domin su ne suka san abin da ɗalibai suka rasa. An taɓa gayyatar mu irin wannan taro, aka jera mu a rana domin masu wucewa su ji tausayi, ba a ko tambaye mu ra'ayinmu ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta yawo da nakasasshe domin neman sadaka. Idan za mu fito, a bar mu mu riƙe lasifika mu yi bayani da bakinmu.

Hajiya, Kano: Ka nemi izinin shugabannin kasuwa a rubuce, ka sanar da ƴan sanda da Hisbah, tunda an hana bara a titunan Kano. Ka kuma rubuta lambar asusun ƙungiya a jikin akwati, domin da yawa yanzu ba sa yawo da tsabar kuɗi.