An ɗora min karanta tarihin Kaka a sujadar tunawa da shi

Autar jikoki: Salama 'yan'uwa. Kakanmu na wajen uwa ya koma ga Ubangiji, iyali kuma sun ce ni zan tsaya a madadin jikoki in faɗi rayuwarsa. Fasto ya ba ni minti biyar. Na zauna na rubuta cewa mutum ne mai tsoron Allah, mai riƙon iyali, ba ya fashin sujada. Duk gaskiya ne, amma ko sunan wa aka ɗora a saman takardar zai zauna daram. Ku da kuka taɓa tsayawa gaban jama'a a kan kakanninku, me kuka faɗa?

Jikan dattijon ikkilisiya: Sannu da rashi 'yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Ni labari ɗaya tak na bayar. A gidan Kakana ba a kwanciya sai an yi addu'ar dare, kowane yaro kuma da ranarsa ta zaɓen Zaburar da za a karanta. Mu da barci ya cika wa ido, duk wanda layi ya zo kansa sai ya ce Zabura 117, don ayoyi 2 ce kacal, babu surar da ta kai ta gajarta a Littafi Mai Tsarki. Tsohon bai taɓa hana mu ba. Sai ranar da zaɓi ya zagayo kansa, ya gyara zaman tabaronsa da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare, ya lashi yatsa, ya ce a ɗan buɗa gaba. Zabura 119, ayoyi 176! Yana bin layi da yatsa a hankali, da ya hango kan wani ya fara rinjaya sai ya ce, "Kai, karɓa daga nan." Da na faɗi wannan, majami'a ta kwashe da dariya, 'ya'yansa na dariya suna share hawaye, don su ma haka ya yi musu. Ban ce yana son Maganar Allah ba, kowa ya gani da kansa.

Malamar makarantar Lahadi: Nawa kakan da littafin Karin Magana na cikin Littafi Mai Tsarki yake lissafin kwanan wata. Surori 31 ne, kullum yana karanta wadda ta dace da ranar. Watan da ya tsaya a 30, ranar ƙarshe ya haɗa biyu. In ka tambaye shi yau nawa ga wata, sai ya duba inda ya maƙale tsinkensa.

Babbar jika: Ki nemi Littafinsa Mai Tsarki tun kafin wani ya ɗauke. Na Kakanmu tsohuwar fassarar Hausa ce ta 1932, an sayo masa sabuwa ya ajiye ta a akwati, ya ce bakinsa ya riga ya saba. Bangon ya rabu, ya manne shi da ƙyalle. A fararen shafukan baya muka tarar da sunan kowane ɗa da jika, da ranar haihuwa da ta baftisma, har da 'ya'ya biyu da suka rasu suna jarirai, waɗanda mu jikoki ba mu taɓa jin labarinsu ba. A gefen wasu sunayen akwai ɗan gicciye da biro. Kaka mace ce ta gaya mana ma'anarsa: wanda ya yi nisa da ikkilisiya ne, yana yi masa azumi. Sunan babana na da guda uku. Shafin nan na karanta a sujadar, ban dai ambaci gicciyen ba. Bayan haka kawunnai suka kusa ɓatawa a kan wanda zai riƙe Littafin, shi ya sa na ce ki ɗauki hoton kowane shafi da waya tun yanzu.

Ɗan'uwa daga nesa: Ku yi haƙuri, zan ɗan saɓa. Ba kowane kaka ne mai laushi ba. Nawa mai ibada ne na gaske, amma yana da zafi. Gwaggona ta auri wanda bai so ba, ya yi shekaru bai amsa gaisuwarta ba, alhali shi ne mai yi mana wa'azi da Afisawa 4:26, kada rana ta faɗi muna cikin fushi. Sai da ciwo ya kwantar da shi ya aika aka kira ta, ya roƙi gafararta a gabanmu duka, tsoho da furfura yana kuka. Na faɗi wannan a jana'izarsa. Littafi bai ɓoye zunubin Dawuda ba, bai ɓoye musun Bitrus sau uku ba, to don me za mu wanke namu tas? A wurina ranar da ya ce "ki yafe min" ta fi duk shekarun da ya yi yana zama a kujerar gaba.

Babbar jika: Ɗan'uwa, da izinin gwaggon ka faɗa?

Ɗan'uwa daga nesa: Ita ta ce in faɗa. Da ta ƙi, da na yi shiru.

Matar mai bishara: To haka ya kamata. Na sha zama a irin waɗannan sujadu, na ga inda jika ya tono abin da ya sa gwauruwar marigayi ta sunkuyar da kai har aka tashi. Autar jikoki, in Kaka mace na da rai, ki karanta mata abin da kika rubuta tukuna. Ita ta zauna da shi lokacin da babu kowa. Kakana a ƙarshen kwanakinsa mantuwa ta kama shi, har yana tambayar mahaifiyata ko ita wace ce. Amma da an fara "Ubanmu wanda ke cikin sama" zai karɓa ya kai ta ƙarshe ba tuntuɓe. Na so in faɗa, matarsa ta ce a'a, ba ta so a tuna da shi cikin wannan hali. Na ji zafi, amma na cire.

Jikan dattijon ikkilisiya: Na manta abu biyu. Ki rubuta komai da manyan baƙi, ki ba wani ɗan'uwa kwafi ya tsaya kusa da ke, don murya kan sarƙe ba shiri. Sannan ki tambayi fasto nassin da zai yi wa'azi a kai. Ni na shirya rufewa da 2 Timoti 4:7, maganar gama tsere da riƙe bangaskiya, ashe wakilin 'ya'ya ma ita ya zaɓa, wakilin dattawa ita, fasto ma ita. Da layi ya iso kaina, jama'a sun riga sun haddace ta.