Ummul Ƙura, Jidda ko Zahran: a ina zan karanta fiziks?

Autan Hajiya, Makka:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin daga ciki ya taimaka.

A nan Makka aka haife ni, wajen Shari' Mansur, amma fasfona na Najeriya ne, iƙamata, wato takardar izinin zama a Saudiyya, tana ƙarƙashin Baba. Bana nake gama sanawiyya, wato sakandare. A jarrabawa biyu na shiga jami'a, Ƙudurat ya yi kyau alhamdulillah, tahsili ne ya rage. Fiziks nake so in karanta, kuma ba son wasa ba. Duk darasin da ya shafi haske da lantarki, sai in kai dare a kansa ban san lokaci ya tafi ba.

Gida an kasu uku. Baba ya ce Jami'ar Ummul Ƙura ta nan Makka, tunda ga harabarta ta Abidiyya nan kusa, in je in dawo in kwana a ɗakina. Kawu ya ce fiziks ba ya ciyar da mutum, ƙarshensa alli da allo, koyarwar gwamnati kuma ta 'yan ƙasa ce, gara a tura ni Zariya in yi injiniya. Ni kuwa zuciyata tana Zahran, Jami'ar Sarki Fahad ta Fetur da Ma'adinai, in ba ta samu ba sai Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda. Shin bambancin da ke tsakaninsu ya kai a ɓata wa iyaye rai a kansa?

Tsohon Ɗalibi, Dammam:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta yi mini daɗi, don ba kasafai yaranmu suke zaɓar wannan fanni da kansu ba.

Kafin zancen wace ta fi, fara da wace ƙofa ce a buɗe gare ka. Mai iƙama ba ya bin layin ɗan ƙasa. Ta hanyar minha ta cikin gida kake shiga, wato gurbin tallafin karatu na baƙi mazauna ƙasar, kujerunta kaɗan ne, sharuɗɗanta kuma kowace jami'a da nata, suna iya sauyawa daga shekara zuwa shekara. Don haka kada ka ɗora ranka a kan guda ɗaya, ka nemi duk wadda ta buɗe. Ka tabbata iƙamarka da fasfonka suna da sauran kwana mai tsawo lokacin cike takardu. Tahsili kuma ka ba shi duk ƙarfinka, wasu jami'o'in kaso 40 cikin 100 suke ba shi wajen haɗa maki.

Yanzu ga abin da kawu da Baba ba za su iya gaya maka ba. Kwasa-kwasan digirin farko a fiziks kusan iri ɗaya ne ko'ina: motsi da ƙarfi, lantarki da maganaɗisu, zafi, sai kwantum, wato fiziks na ƙananan ƙwayoyin zarra, a shekarun ƙarshe. Abin da ya raba wata jami'a da wata abu biyu ne a ganina, harshe da ɗakin gwaji.

A Zahran da Turanci ake koyarwa, shi ya sa ake fara wa ɗalibi da shekarar share fage ta Turanci da lissafi. Wahala ce ta gaske ga wanda ya tashi da Larabci a makaranta da Hausa a gida, amma duk wani bincike da za ka karanta gaba da Turanci aka rubuta shi. Duk inda ka samu, ka tambaya da wane harshe malamai suke magana a cikin aji, ba wanda aka rubuta a takardar talla ba.

Ɗakin gwaji kuwa, ka je da ƙafarka ka gani. Ni abin da ya mayar da ni ɗan fiziks shi ne gwajin ɗigon mai na Millikan, wanda aka fara yi a 1909. Za a kashe fitila, ka fesa mai tsakanin faranti biyu na ƙarfe, ka manna ido a madubin ƙara girma kana bin ɗigo ɗaya tak yana gangarowa a hankali, agogo a hannunka. Ka kunna wuta, ɗigon ya juya ya fara hawa. Ido zai yi ta ruwa, wuya ya ƙage, ka sake da wani ɗigon, ka sake. Sa'an nan ka zauna da lambobinka ka ga cajin kowane ɗigo ninkin adadi ɗaya ne, na ilektaron. Wanda ya auna wannan da hannunsa daban yake da wanda ya haddace shi don jarrabawa. To ka tsayar da ɗalibin shekara ta uku ka tambaye shi: ku kuke taɓa na'urar, ko malami ke yi kuna kallo? Mutum nawa ne a kan na'ura ɗaya?

In Zahran ta samu, ni dai zan ce ka tafi. Amma sama da kilomita 1,200 ne daga Makka, ka san da haka.

Yaya Babba, Jidda:

Ƙanena, na yarda da mafi yawan abin da yayanka ya faɗa, sai dai ina ganin ya yi wa maganar kawu sauƙi. Kawu bai yi ƙarya ba. Da digirin farko kaɗai, kana ba ɗan ƙasa ba, aiki zai yi wuya, ga tsarin sa'uda, na fifita 'yan ƙasa a aiki, yana ƙara faɗi a sana'o'i da yawa. Wanda ya shiga fiziks ya sa a ransa tun ranar farko cewa sai ya yi digiri na biyu.

Shi ya sa ba na son ka raina Ummul Ƙura don tana bakin ƙofa. Suna da fiziks na asibiti, wanda shi ne fannina. Aikinmu a sashen ƙona cutar daji yake. Kafin a kwantar da majinyaci na farko da safe, sai an gwada na'urar an tabbatar hasken da take fitarwa daidai yake da abin da likita ya rubuta, don in ya gaza ciwon zai tsira, in ya wuce naman lafiya zai ƙone. Lissafi ne tsantsa, amma ran mutum ne a ƙarshensa. Sai dai ka bincika sharuɗɗan lasisin Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya tun yanzu, kada sai ka gama.

In kuma bincike kake so, ka duba KAUST, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, da ke Suwal, arewa da Jidda. An buɗe ta a 2009, digiri na biyu da na uku take bayarwa, da Turanci, tana ɗaukar ɗalibai daga kowace ƙasa kuma tana ɗauke musu nauyin karatu. Abin da za su duba shi ne makinka, Turancinka, da wasiƙar malamin da ya san aikinka. Ɗalibin da ya yi fice a Makka ya fi wanda ya sha da ƙyar a Zahran samun wannan wasiƙa. Kuma yaron da yake cin tuwon mahaifiyarsa, ba haya ba kuɗin mota mai yawa, hankalinsa ya fi kwanciya a kan littafi. Na ga yara masu ƙoƙari da kaɗaici ya karya su a shekarar farko.

Jidda tsaka-tsaki ce. Suna da sashen ilimin taurari da injiniyan nukiliya, ga jirgin ƙasa na Haramaini, kullum Alhamis kana gida.

Baba Alhaji, Madina:

Ɗana, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na yi wa 'ya'ya wannan fafutukar. Kada ka je wa mahaifinka da "ina so". Ka je masa da takarda: ga abin da ake karantawa, ga inda zan kwana, ga abin da za a kashe, ga aikin da yake kaiwa. Uba tsoro yake ji, ba ƙiyayya ba ce. Zancen Zariya ma kada ka yar da shi, sai dai ka sani dole ka zauna JAMB, kuma a daidaita takardar sanawiyyarka, wannan yana cin lokaci. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri.

Autan Hajiya, Makka:

Amin Baba Alhaji, na gode ƙwarai. Na nuna wa Baba amsoshinku jiya bayan isha'i, ya sa na karanta masa ta Yaya Babba har ƙarshe. Ya amince in nemi duka ukun, da sharaɗin in Makka ce kaɗai ta amsa ba zan ja da shi ba. Ranar Lahadi zan shiga Abidiyya in nemi 'yan shekara ta uku in yi musu tambayar na'ura.

Yaya, saura abu ɗaya. Wanda ya yi fiziks zalla a digirin farko zai iya komawa na asibiti a digiri na biyu, ko dole sai da shi aka fara?