Kwikwiyona yana yawan yin fitsari a cikin ɗaki

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwikwiyo ɗan wata 3, kuma duk da cewa ina fitar da shi waje safe da yamma, kusan kullum sai na tarar ya yi fitsari a gefen kujera. Na tsawata masa har na gaji, yanzu kuma ya fara ɓuya idan zai yi. Ina neman shawararku.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sau biyu a rana ya yi kaɗan ƙwarai, domin ɗan wata 3 ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar awa 3. Ki riƙa fitar da shi da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci ko ya gama wasa, ki kai shi wuri guda kullum, sannan ki ba shi ɗan abin da yake so nan take da ya gama. Tsawar ce ta sa yake ɓuya, don abin da ya koya shi ne tsoron yi a gabanki.

Amsa ta biyu:
Ki wanke gefen kujerar da maganin wanki mai kashe warin fitsari, domin warin ne yake mayar da shi wurin. Ki guji mai amoniya, warinsa yana kama da na fitsari.

Amsa ta uku:
Idan yana yi kaɗan-kaɗan yana nishi, ko kika ga jini, ki kai shi wurin likitan dabbobi, domin ciwon mafitsara yana kawo haka.