An Hana Ni Shiga Wurin Ibadar Mutanen Okinawa

Auwalu: Assalamu alaikum, jama'a. A hutun makaranta na hau jirgin ruwa daga Ishigaki zuwa tsibirin Taketomi, a lardin Okinawa na ƙasar Japan, inda na ga wani ɗan kurmi a gefen ƙauye, an kewaye shi da katangar duwatsun teku, an shimfiɗa farin yashi. Babu gunki ko ɗaya, sai wani kaskon dutse da tokar turare a gindin bishiya. Da na nufi wata 'yar ƙofa da ke can ciki, sai wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce in koma. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma na tabbata da ni Bajapane ne da ba a hana ni ganin wannan wurin tsafin ba.

Malama Rabi: Ƙanena, kalmar "tsafi" ba ta dace ba. Sunan wurin utaki, kuma abin da ake zuwa yi shi ne roƙon albarkar gona da lafiyar ƙauye da girmama kakanni. Idan Bahaushe ya ji "tsafi", layu da binne-binne don cutar da wani ne suke zuwa masa a rai.

Malam Garba: Malama, ki yi haƙuri, amma duk wurin da ake ƙona turare ana roƙon wanin Allah, gidan tsafi ne a Hausa. Tsumburbura ma don zaman lafiyar mutanen Dala ake yi mata hidima, Barbushe kaɗai yake shiga wurinta, kuma babu wanda ya taɓa kiran wurin da wani suna daban.

Malama Rabi: Malam, wannan addinin daula ne mai tsari. A da, sarakunan Ryukyu, tsohuwar daular tsibiran Okinawa, su ne suke naɗa matan da ke jagorantar ibada, waɗanda ake kira noro, kuma shugabarsu, kikoe-ogimi, daga gidan sarauta take fitowa. A Sefa-utaki ake bikin naɗinta a wancan zamanin, wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000.

Malam Garba: UNESCO ba ta da hurumin sauya ma'anar kalmar Hausa.

Nura: Ni kuwa kalmar "Bajapane" ce ta tsaya mini. Ryukyu daula ce mai sarkinta tun daga 1429, sai a 1879 Japan ta rushe sarautar ta mai da ƙasar lardin Okinawa, sannan Amurka ta riƙe tsibiran daga 1945 har zuwa 1972. Wannan tsohuwar tana da harshen iyayenta, kuma utaki ya bambanta da wuraren ibadar Shinto, addinin gargajiyar Japan.

Sagir: Yaya Nura, fasfon da take riƙe da shi na Japan ne, kuma kai kullum a zauren nan duk wata ƙaramar ƙabila sai ka ba ta ƙasa.

Nura: Fasfo bai taɓa goge tarihin al'umma ba, Sagir, kuma ina roƙonka ka janye wannan maganar.

Hajiya Hadiza: Kun bar Auwalu da tambayarsa. Can cikin utaki, wurin da ake kira ibi, maza ba sa shiga, ko 'yan ƙauyen ne. A tsibiran Yaeyama, inda Taketomi yake, matan da ake kira tsukasa ne suke shiga. A tsibirin Kudaka ma akwai utakin da aka haramta wa duk mai ziyara shiga. Ɗana, ba launin fatarka ta duba ba.

Malam Garba: Hajiya, wannan sirrin da hana maza shiga su ne suke ƙara tabbatar da abin da na faɗa.

Malama Rabi: Kowane addini yana da wurin da ba kowa ke takawa ba, Malam.

Auwalu: Har yanzu babu wanda ya ce an yi mini ba daidai ba.

Malam Garba, shugaban zaure: Zan rufe wannan magana. Abin da aka tattauna shi ne ko kalmar "tsafi" ta dace, kuma akasarin masu magana ba su kawo hujjar da ta rushe ta ba, duk da Malama Rabi ta yi ƙoƙari da bayanan tarihi. Batun Nura da Sagir ya fita daga jigo. Shi kuma Auwalu, tun farko ba shi da dalilin kusantar wannan ƙofar.